Bindigar Mijin Ƙanwata

A shekarun da na yi ina aikin gandun daji a Illela, abin da na fi ɗoki a kansa shi ne gasar harbin ƙaramar bindiga da ake shirya mana bayan damina, mu masu kaki na wannan yanki. Ba wata babbar gasa ba ce. Babu kiɗa, babu ƴan kallo daga gari. Wani tsohon rami ne a bayan Malbaza, inda aka gama haƙar farin dutse aka tashi, ya bar bango mai tsayi kamar an yanka da wuƙa. A gindin bangon ake kafa allunan da za a harba, a bakin ramin kuma a yi rumfar zana, a jera tebura. Wanda ya zo na ɗaya yakan koma gida da rago a bayan mota.

Mai kula da filin wani tsohon soja ne mai muƙamin ajidan, na sama da saje, da ya daɗe da ajiye aiki, mutumin Tsarnawa, dogo, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar bindiga. Baba ajidan kowa ke ce masa, har waɗanda suka fi shi muƙami. Shi ya koya mini ladabin wurin tun ranar da na fara zuwa, ina ita kaɗai mace a layi. Ba a taɓa bindigar wani, ko da ta faɗi a gabanka, sai dai ka kira mai ita. In za ka miƙa taka, ka cire gidan harsashi, ka buɗe ta kowa ya ga cikinta wayam, bakinta yana duban bango. Ba a yi wa mai saiti magana. Na taɓa ganin wani babba ya yi dariya don wani yaron soja ya kuskure allo gaba ɗaya, Baba ajidan ya tako a hankali ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mota tana can." Kuma ya tafi ya zauna a motar har aka tashi. Amma dokar da ya fi tsanani a kanta ita ce ta rumfa: duk wanda ke bayan layi, a zaune ko a tsaye, bindigarsa ba ta ɗauke da harsashi, domin mutanen da ke harbi sun ba shi bayansu.

Ni hannuna ƙarami ne, mariƙin bindigar aiki kuma an yi shi ne don tafin maza. Da gumi ya zubo sai ta riƙa zamewa. Na kai kuka wurin tsohon, ya juya hannuna ya duba, ya ce in je kasuwar Konni wurin badukai a naɗe mini mariƙin da fata mai kaushi. Wannan ya halatta. Ya halatta ka ɗiga farin fenti a kan ɗan tsinin saiti don idonka ya kama shi da sauri. Kube kuwa naka ne, ka rage shi, ka ɗaga shi, ka ɗinka masa laya in kana so, yawancinmu ma mun ɗinka, muddin ba ta lilo. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a taɓa cikin bindiga, musamman kunama. Yana da wani ƙarfen awo mai ƙugiya da yake kawowa a cikin tsohuwar safa. Kafin a fara, sai ya ɗaga bakin bindigarka sama, babu harsashi, ya rataya ƙarfen a kunama, ya ɗaga a hankali. In kunamar ta ɗauki nauyin ba ta faɗa ba, ka wuce. Yakan ce nauyin nan shi ne ɗan lokacin da aka bar wa mutum ya sake shawara.

Mijin ƙanwata shi ne gwanin filin a wancan lokaci. A Konni yake aiki, a wata ma'aikata da ba tamu ba. Shekara da shekaru ragon nan gidansu yake zuwa, har yara suka saba. Mutum ne mai fara'a, mai son a yabe shi, kuma ni ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsa ba. Yaya yake ce mini kamar yadda matarsa ke faɗa, ya rusuna in zai gaishe ni ko da muna cikin kaki.

Sai ya yi haɗari. Wani ɗan kabu-kabu ya shigo masa a kan hanya, ya faɗi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma yatsan da yake jan kunama bai koma daidai ba. Da ya matsa sai duk hannun ya ɗauki rawa. A gasar da ta biyo baya ya sauko ƙasa sosai, har ni na wuce shi. Ya zo ya yi mini barka da murmushi, amma da aka kawo shinkafa rumfa bai ci ba, ya tsaya can gefe yana murza yatsan yana kallon allunan.

Da gasar shekara ta gaba ta matso, fatar mariƙina ta fara ɓarewa, na shiga Konni don a sabunta. Bayan na gama da baduku na biya gidan ƙanwata. Tun daga zaure na ji gidan ba yadda na san shi ba. Gida ne mai hayaniya, yara huɗu da na maƙwabta, amma ran nan shiru, yaran suna rakuɓe a bayan madafa suna wasa ba sa ɗaga murya. Ƙanwata tana tankaɗe. Ta tashi ta rungume ni, ta shimfiɗa mini tabarma a wani lungu da ba a saba zama ba, jikin bango, nesa da ƙofar ɗakin maigidan. Daga cikin ɗakin kuwa wani sauti ke fitowa, ƙyas, a ɗan jima, ƙyas.

"Mi ke nan?" na tambaye ta.

Ta dubi ƙofar kafin ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, tun da ya karɓo ta daga wurin gyara haka muke. In ya dawo aiki ba shi cin abinci sai ya yi wanga abu. Ya saita randa, ya saita kaji, ya saita kayan yara bisa igiya. Shekaranjiya auta ta tai shan ruwa, ina kallo, bai sauke hannu ba."

"Wane gyara?"

"Ƙetaren iyaka ya kai ta. Wai akwai wani mutum can."

Kafin in sake magana labule ya ɗaga, ya fito da singileti, bindigar a hannunsa, bakinta yana yawo yadda ya ga dama. Bakin ya ratsa kaina, ya ratsa matarsa, ya tsaya a kan turmi. Mutumin da ya fi kowa sanin doka a filin Malbaza.

"Yaya, sannu da zuwa. Kada ki damu, babu komi ciki." Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya ɗora ta a tafina. "Taɓa ki ji."

Na buɗe ta da kaina na duba, babu harsashi. Na juya bakinta ga bango, na ɗora yatsa. Ban san na matsa ba. Ban ji wani nauyi ba ko kaɗan, sai dai na ji ƙyas, kamar ita ta yanke shawara ba ni ba.

"Kin ji ko?" Idonsa yana ƙyalli. "Yanzu hannu ba ya samun lokacin rawa."

Na ce masa, "Baban yara, wannan ta aiki ce. Da ita kake tsayawa a kan hanya cikin mutane. Kuma ka san ƙarfen Baba ajidan."

"Tsohon nan ya fara gajiya. In mutum ya zo a makare, ana cikin harbi, ba shi tsai da layi don awo." Ya karɓi bindigar, ya shafa ta da gefen singiletinsa. "Ke kaɗai na nuna wa, Yaya, don ke ta gida ce."

Ban iya cin tuwon da aka kawo mini ba sosai. Da zan tafi ƙanwata ta rako ni har bakin titi, ta riƙe hannuna har na sami abin hawa.

Motar Illela ta Tsarnawa take bi. Da muka iso mararraba na ce wa direba ya sauke ni. Na sami Baba ajidan a gona a bayan gari, shi da jikokinsa suna roron wake. Na tsaya ta ɓangaren kunnensa mai ji, na gaya masa abin da na gani, har da maganar randa da auta. Ya daɗe yana ɓare kwanson wake ɗaya a hannunsa.

"Ɗiyata," ya ce, "ba ki gaya mani komi ba. Ƙarfe ne zai gaya mani, gaban kowa. Amma ki sani, mijin ƙanwarki zai gane ke ce."

"Na sani, Baba."

"To, Allah shi kyauta."

Ranar gasa aka tashi da irin zafin nan na kaka, iska ba ta motsi, farin dutsen ramin yana mayar da rana cikin ido. An auna bindigoginmu, layin farko ya shiga ya fita, mijin ƙanwata bai zo ba. Har na fara addu'ar Allah ya sa ya fasa. Ana tsakiyar layi na biyu sai ga ƙurar babur ɗinsa. Ya sauka yana gaisawa da mutane da fara'a, ya wuce kai tsaye wurin da masu jiran layi na uku suke, ya tsaya kusa da ni.

Baba ajidan ya busa usur. Harbi ya tsaya, kowa ya sauke hannu. Tsohon ya ɗauko safarsa ya tako har gabansa.

"Kawo a auna."

"Haba Baba, ni ne fa. Yau ka fara ganin bindigata?"

"Kawo a auna."

Mijin ƙanwata ya zare ta, ya cire gidan harsashi, ya buɗe ta yadda ake yi, ya miƙa. Baba ajidan ya leƙa cikinta, ya nuna wa na kusa da shi, ya ɗaga bakinta sama ya rataya ƙugiyar. Ƙarfen bai ma bar kan tebur ba muka ji ƙyas. Ya sake ɗanawa, ya sake gwadawa don kada a ce ya yi gaggawa. Haka dai.

"Wagga ba ta shiga layi," in ji shi. "Kuma ba ta kamata ta koma bakin aiki ba. In shugabanka ya iso za mu yi magana."

Shugaban nasa sai bayan azahar ake sa ran zuwansa. Baba ajidan kuwa ya bar aiki, ba shi da ikon ƙwace bindigar gwamnati daga hannun ma'aikaci. Abin da ya iya yi shi ne ya riƙe gidan harsashin, ya sa a aljihun rigarsa, ya mayar masa da bindigar a buɗe. Mijin ƙanwata ya karɓa. Bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba fushi a fuskarsa, kamar mai karanta allon hanya. Sannan ya zaga bayan motoci kamar mai neman wurin fitsari. Da ya dawo ya jawo kujera a rumfa, ya ajiye ta daidai bayan wurin da zan tsaya, ya zauna.

Aka kira layi na uku.

Ban taɓa sanin bayan mutum yana da ido ba sai ran nan. Ina duban allo, amma duk hankalina yana tsakanin kafaɗuna, wani wuri ƙarami da ya yi sanyi duk da zafin ranar. Ina jin kujerarsa tana ƙara in ya gyara zama. Ladabin layi ya hana waiwaye da bindiga a hannu, don haka ban waiwaya ba. Na gaya wa kaina gidan harsashinsa yana aljihun tsoho, na gaya wa kaina uban ƴaƴan ƙanwata ne, na yi bisimilla na ɗaga hannu. Harbin farko ya tafi can gefe. Na biyu ma haka. Gumi ya cika mini ido.

Sai na ji takun takalmi a bayana, a hankali, ya zo ya tsaya. Can na ji tarin Baba ajidan, wannan busasshen tarin nasa da kowa ya sani. Ya bar wurinsa na ƙarshen layi, inda yake tsayawa kullum, ya zo ya tsaya tsakanina da rumfa. A haka na ƙarasa harbina, ban san ma inda sauran suka faɗa ba.

Da layi ya gama aka ba da hutun salla. Na cire harsashi, na buɗe bindigata na ajiye a tebur, na je wurin jarkar ruwa don alwala. Ina tsugune ina wanke hannu inuwarsa ta rufe ni.

"Yaya, sannu da ƙoƙari. Na ga hannunki yana rawa yau."

Na miƙe tsaye. "Zafi ne."

"Ke ce ko?"

Babu amfanin ɓoyewa. "Ni ce. Don yaran nan na yi, da kai kanka."

Ya gyaɗa kai, yana ɗan murmushi. Hannunsa na dama yana kan kube, yatsun suna buga fatar a hankali. A lokacin na lura bindigar a rufe take, ba a buɗe kamar yadda aka ba shi ita ba. Baba ajidan ma ya lura, domin ya taho da butarsa a hannu, bai ko ajiye ta ba.

"Ɗana, mi ya sa ka rufe ta? Buɗe in gani."

"Ba ga gidan harsashin nan a aljihunka ba?"

"Yana nan. Buɗe in gani."

"Baba, ka kunyata ni gaban yara, bai isa ba?"

"Kana cikin rumfata. Ɗaga hannunka, ni in zare ta da kaina."

Wannan ce maganar da ta fasa shi. Fuskarsa ta canza, ya ce, "Ba mai taɓa mani bindiga!" ya fizgo ta da ƙarfi. Ba ta gama fita daga kuben ba ta tashi.

A cikin ramin nan ƙara takan dawo sau da yawa. Na ji tsakuwa ta watsu a ƙafafuna, na ga butar tsohon tana birgima ruwa yana zuba. Na duba jikina, na shafa cikina, ban ga komai ba. Mijin ƙanwata kuwa yana tsaye yana kallon ƙasa da mamaki, sai jini ya fara fitowa ta saman takalminsa, ya zauna daɓas. Bindigar ta faɗi gefe. Duk yawan mutanen nan babu wanda ya kai hannu gare ta, sai Baba ajidan ya sa ƙafa ya juya bakinta ga bango, ya durƙusa ya buɗe ta. Kwanson harsashi ɗaya ya faɗo.

Harsashin ya shiga ta ƙaurinsa ya fita kusa da idon sawu. Muka ɗaure da rawanin wani direba, aka sa shi a bayan mota zuwa likita a Malbaza, daga can aka wuce da shi Konni. Ni na riƙe kansa a kan cinyata duk tsawon hanyar, domin ni ce tasa a wurin. Idonsa a rufe, yana salati. Sau ɗaya ya buɗe ya dube ni, ya sake rufewa.

An yi bincike. Mijin ƙanwata ya ce mantuwa ce, harsashin ya maƙale a ciki tun daga gida. Baba ajidan ya ce shi da idonsa ya ga cikinta wayam, kuma mutane da yawa sun gani, an ma ɗana ta an saki har sau biyu a gaban kowa. Da aka tambaye ni na faɗi abin da na gani: ya zaga bayan motoci, ya dawo, ya zauna a bayana. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, don iyakar abin da na sani ke nan. Daga baya ya gaya wa ƙanwata wai ya sa harsashin ne don in an watse ya harba ɗaya a allo, ya nuna wa tsohon cewa hannunsa bai mutu ba. Mai yiwuwa gaskiya ne. Na sha juya maganar a raina, wata rana in yarda, wata rana in tuna inda ya ajiye kujerar.

An karɓe bindigar, aka rage masa muƙami, aka mayar da shi buro, wato ofis, yana buga takardu. Ƙafar ta warke amma yana ɗingishi. Ƙanwata ta kwashe yara ta koma wurin innarmu na wani lokaci, dangi suka shiga tsakani, ta koma ɗakinta. Wasu daga cikin danginsa har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau, suna cewa ni na karya masa aiki. Shi kansa bai taɓa faɗin haka ba. In mun haɗu a suna ko a ta'aziyya yakan rusuna ya ce, "Yaya, ina kwana," in amsa, mu tambayi lafiyar gida, shi ke nan. Ban ƙara kwana a gidansu ba.

Na ci gaba da zuwa gasar har lokacin da hanyoyin yankinmu suka lalace da rashin tsaro, manya suka ce ba a ƙara tara masu kaki da makamai a rami ɗaya a bayan gari. Baba ajidan ya rasu ba da daɗewa ba bayan haka. Ni ma na ajiye aiki, na dawo Konni da zama, unguwa ɗaya ta raba ni da su.

Kwanakin baya babbar ƴarsu ta zo gidana. Ta gama lakwal, wato makarantar boko, an ɗauke ta aikin kaki, tana jiran a kira su horo. Ta zauna a bakin gado tana wasa da gefen mayafinta, ta ce tana tsoron ranar da za a fara ba su bindiga, tana so in nuna mata yadda ake tsayuwa da yadda ake riƙo, ko da da icce ne.

Na ce mata, "Ai babanki ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Shi za ki tambaya."

Ta ce, "Na tambaye shi, Inna. Ya ce in taho wurinki."

Na ce ta bari in yi tunani. Ta ce za ta dawo ranar Juma'a.